Kaucin Wace Bishiya?

A bakin masu magani na ƙasar Hausa, kalmar kauci ba ta cika fitowa ita kaɗai ba. Sai dai a ce kaucin tsamiya, ko kaucin ɗorawa, ko na kaɗanya, ko na marke, ko na gawo. Wanda ya tsuguna gaban 'yar mai ganye ya ce ta ba shi kauci, ya yi shiru a nan, abin da za ta fara tambayarsa shi ne, na wace bishiya? Mai sauraro na iya ɗauka salon ciniki ne kawai, ko dabarar ƙara wa kaya daraja. Ni kuwa a ganina wannan 'yar tambaya ita ce mafi tsadar abin da magabata suka bar mana game da wannan tsiro, ta fi duk jerin cututtukan da ake cewa yana warkarwa. Tarihin kauci a fagen magani, a nan gida da kuma ƙasashen da suka rubuta nasu tun kusan shekara dubu biyu, igiya biyu ce aka tufka wuri guda. Ɗaya ta mamakin tsiron da ba ya taɓa ƙasa, ɗaya ta lura da bishiyar da ya hau. Ta farko ce ta yi masa suna, ta biyu ce ba ta tsinke ba da aka ja ta a ɗakin gwaji, kuma ita ce kasuwar yau ke neman yarwa.

Sai an san yadda kauci ke rayuwa sannan tambayar za ta yi ma'ana. Ba shi da saiwa a ƙasa. 'Ya'yansa na ɗauke da wani danƙo mai yauƙi kewaye da ƙwaya, tsuntsu ya ci, ya goge baki a jikin reshe ko ya kasayar da ita, ƙwayar ta manne, ta tsiro, ta huda ɓawo har ta kai ga jijiyoyin da ke ɗauko ruwa daga saiwar bishiyar. Ganyensa kore ne, yana haɗa nasa abincin da hasken rana, amma ruwan da yake sha da gishirin ƙasa duk na mai masaukinsa ne. An ce baƙo raɓa ne, to wannan baƙon idan ya sauka ba ya tashi. Irin namu yana da fure siriri ja kamar tsinken ashana, kuma ɗan tsuntsun da ke tsotsar zumarsa ya samo sunansa daga gare shi, sha-kauci. An fi ganin kauci da rani, lokacin da itatuwa suka kaɗe ganye shi kuwa yana nan shar, ban da a kan gawo, wanda ke zubar da nasa ganyen da damina. Ire-iren kauci a duniya sun kai wajen 1,500. Abin da ya haɗa su shi ne duk abin da ke gudana a jijiyar bishiya yana iya gudana a jikinsu.

Tsohon labarin da ya fi shahara a kan kauci na wani marubucin Rum ne mai suna Pliny, wanda ya kammala babban littafinsa na halittu wajen shekara ta 77 miladiyya, shekara biyu kafin ya mutu a aman dutsen Vesuvius. Ya ba da labarin malaman addinin mutanen Gaul, ƙasar da take Faransa a yau, waɗanda ake kira Druid. A cewarsa, ba abin da suka fi girmamawa kamar kaucin da ya fito a kan bishiyar oak, wadda Larabawa ke kira balluɗ. A ranar shida ga wata malami zai sa fararen kaya ya hau bishiyar, ya yanko shi da laujen zinariya, a tare shi da farin mayafi, sannan a yanka fararen bijimai biyu. Sunan da suka ba shi a harshensu na nufin mai warkar da komai, suna kuma cewa jiƙonsa na sa juya ta haihu, yana karya kowane dafi. Pliny ya rubuta wannan bayan sarakunan Rum sun riga sun murƙushe waɗannan malamai a Gaul, kuma duk wanda ya maimaita labarin daga baya daga wurinsa ya ɗauko, don haka bai kamata a riƙe kowace kalma kamar shaidar gani da ido ba. Duk da haka igiyoyin nan biyu suna bayyane a ciki. Ga mamaki, da laujen zinariya da sunan maganin komai. Ga kuma sharaɗi: ba kowane kauci ba, sai na oak, wanda Pliny da kansa ya ce da wuya ake samunsa. Likitocin da suka yi aiki da hannu ba su kai shi wannan matsayi ba. Dioscorides, likitan Girka na wannan ƙarni, ya ambaci danƙonsa ne a matsayin abin shafawa don nunar da maruru da sassauta kumburi, kuma likitocin Musulmi irin su Ibn Sina sun san shi da sunan dibƙ, wanda shi ne kuma sunan danƙon kama tsuntsu.

Inda igiyar mamaki ta kai Turawa abin dubawa ne da kyau, domin ya ɗauki ƙarnuka. Tun a littafin Pliny akwai maganar cewa kauci na maganin farfaɗiya, muddin bai taɓa ƙasa ba. Mai jin Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan, don sunan cutar ma daga faɗuwa ya fito, kuma Turawan da ma ciwon faɗuwa suke kiranta. Tsiron da bai taɓa faɗowa ƙasa ba zai hana mutum faɗuwa: wannan ita ce fassarar da James Frazer ya yi wa al'adar a babban aikinsa kan tsafi da addini, wanda ya fara fitowa a 1890, kuma da wuya a sami wadda ta fi ta dacewa. A 1719 wani likitan Ingila, John Colbatch, ya fitar da ɗan littafi yana yabon kauci a matsayin maganin farfaɗiya da sauran cututtukan jijjiga. An yi ta ba marasa lafiya garinsa shekara da shekaru. Da aka fara amfani da gishirin bromide a 1857, sannan phenobarbital a 1912, magungunan da ake ganin aikinsu ƙarara wajen rage yawan faɗuwa, sai kauci ya fice daga wannan fage ba tare da an yi wani yaƙi ba. Kusan shekara dubu da ɗari takwas ana yabonsa a kan cutar da bai iya mata ba. Duk mai son maganin gargajiya da gaske ya kamata wannan ya tsaya masa a rai, domin iyayen yaran da aka ba garin nan ba wawaye ba ne, mutane ne masu neman mafita kamar kowa.

A ƙasar Sin kuwa igiya ta biyu ce ta fi kauri. Tsohon kundin magungunansu da ake dangantawa da Shennong, wanda aka tattara kusan shekara dubu biyu da suka wuce, ya sa kauci cikin magunguna masu daraja ta ɗaya, kuma sunan da ya ba shi na nufin mai zaman aro a kan bishiyar da tsutsar siliki ke cin ganyenta. Wato sunan mai masauki na cikin sunan maganin, kamar yadda muke cewa kaucin tsamiya. Suna ba da shi don ciwon baya da gaɓoɓi da kuma kare ciki daga ɓari. Li Shizhen, wanda ya kammala babban kundinsa na magunguna a 1578, ya yi gargaɗin da ya dace da kasuwanninmu na yau. Ya ce na gaskiya yana da wuyar samu, masu sayarwa na kawo na wasu itatuwa su ce shi ne, alhali ɗabi'arsu ta bambanta har tana iya cutarwa, don haka mutum ya tsinko da kansa, ko ya karɓi wanda aka yanko haɗe da guntun reshen bishiyar. Babu wata hanya da ta haɗa wannan likita da 'yar mai ganye ta Kano ko Damagaram. Mutane ne a nahiyoyi daban, kowa ya zura wa tsiro ɗaya ido, suka iso ga sharaɗi ɗaya.

Da ilimin sinadarai ya zo, wannan sharaɗin ne ya gaskata. An gano cewa kaucin da ya hau oliyanda, furen adon nan mai dafi, yana ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, irin na mai masaukinsa. A Sin akwai wani ɗan itace mai guba da masana ke kira Coriaria, kaucin da ke kansa na tara dafin da ke sa jijjiga, har masu bincike na amfani da shi don tayar wa dabbobin gwaji da farfaɗiya. Ga tsiron da wasu suka yi ƙarnuka suna sha don farfaɗiya, ga ɗan'uwansa a kan wata bishiya yana haddasa ta. A nan gida ma an taɓa wannan batu. A 1994 masu bincike a Jami'ar Jos suka ba ɓerayen da aka sa wa ciwon suga jiƙon kauci iri ɗaya daga bishiyoyi uku. Na kan lemon tsami da na kan gwaiba sun sauke sukarin jini, na kan bini da zugu bai yi ba. Gwaji ne a kan ɓera, kuma tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya mai nisa, amma abin da ya nuna a fili shi ne tambayar 'yar mai ganye tana da tushe a cikin ganyen kansa.

Za a iya cewa na yi wa magabata kwalliyar da ba tasu ba. Mai wannan suka zai ce ba sinadari suke nema ba da suke ambaton bishiya, asiri suke nema. Ai kowa ya san ana neman kauci don farin jini, da sa'ar kasuwa, da tsari, da sa'ar farauta, kuma wanda aka fi yi wa tsada shi ne na bishiyar da ba kasafai yake hawa ba, kamar yadda kaucin oak ya yi daraja wurin Druid saboda ƙarancinsa. Wannan suka tana da gaskiya a cikinta, ba kuwa kaɗan ba. Sau da yawa ana ɗora wa kauci halin da ake gani ga bishiyarsa, a ce na mai yawan 'ya'ya zai kawo yawa, na mai ƙarfi zai kawo ƙarfi, kuma wannan tunani ɗaya ne da na farfaɗiya. Sai dai dalilin da ya sa aka fara wata ɗabi'a daban, amfanin da ɗabi'ar ta haifar daban. Mutumin da ke raba kauci bisa bishiya, ko da don asiri ya fara, ya ajiye kayansa a ware. Idan na wata bishiya ya sa gudawa ko jiri, ya san wanne ne, zai kuma faɗa wa ɗansa. Wanda ya cakuɗa su wuri ɗaya ba zai taɓa koyon komai ba ko ya shekara ɗari yana ba da magani. Rarrabewa ita ce matakin farko na kowane gwaji, kuma al'ada ta riƙe ta tun kafin a sami abin auna ta.

Suka ta biyu daga wani ɓangare take zuwa, daga masu tallar kauci na zamani. Suna cewa ai a Jamus da Suwizalan likitoci na yi wa masu ciwon daji allurarsa, to me ya rage? Gaskiya ne ana yi, kuma tarihin abin ya cancanci a ba da shi yadda yake. Wata likita mai suna Ita Wegman ce ta fara haɗa allurar a Zurich a 1917, bisa shawarar Rudolf Steiner, wanda ya yi wa likitoci bayaninta a laccocinsa na 1920. Steiner ba likita ba ne, masanin falsafa ne mai tafarkinsa na ruhaniyya, kuma tunaninsa bai yi nisa da na magabata ba, wato tsiron da ke zaune a jikin bishiya kamar ƙari zai yi maganin ƙarin da ke zaune a jikin mutum. Daga baya aka gano cewa kaucin Turai na ɗauke da sinadarai masu kashe ƙwayoyin halitta a kwalbar gwaji, ɗaya daga cikinsu ma ɗan'uwan dafin da ke cikin 'ya'yan zurma ne. Amma da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 21 da aka yi a kan mutane ta tace su a 2008, ta sami hujjar cewa yana tsawaita rai mai rauni ce, sai dai wasu alamun yana iya sauƙaƙa wa mata masu sankarar mama wahalar maganin asibiti. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin maganin daji ba. Bayan wannan, kaucin Turai, wanda masana ke kira Viscum album, mai fararen 'ya'ya ne kuma danginsa daban da na mai jan furen da muka saba gani, irin su Tapinanthus. Sinadaransa masu ƙarfi ba sa shiga jini sosai ta baki, shi ya sa ake allura, don haka allurar Jamus ba ta zama shaida ga kofin jiƙo a Zariya ba. Abin da masu tallar ba sa faɗa shi ne su kansu kamfanonin Turai ba sa sayar da kauci kawai. Iscador da Helixor na rubuta harafin bishiya a jikin kwalba, wannan na tuffa, wannan na oak ko na pine, kuma an auna an ga yawan sinadaran na sauyawa da bishiya da kuma lokacin shekara. Idan akwai darasi a Jamus, to shi ne wanda muke da shi a gida.

Akwai kuma masu cewa daɗewar amfani ita ce hujja, tun kaka da kakanni ake shan kauci don hawan jini. Wannan magana tana da matsala ta tarihi. Hawan jini, a ma'anar da asibiti ke nufi, lamba ce da ake karantawa a na'ura. Madaurin dantsen da ake aunawa da shi Riva-Rocci ne ya fito da shi a Italiya a 1896, hanyar saurare da ake bi yau kuma Korotkoff ne ya bayyana ta a Rasha a 1905, kuma shekara biyu bayan haka, a 1907, René Gaultier a Faransa ya ba da rahoton cewa kaucin Turai na sauke bugun jini. Kafin na'ura, ba mai maganin da zai iya sanin ya sauke wa wani jini, a Turai ko a nan, domin cutar kan daɗe ba ta nuna alama. Kakanninmu sun san ciwon kai da jiri da kumburin ƙafa da shanyewar ɓarin jiki, sun kuma yi musu magani gwargwadon saninsu. Ɗora musu sunan cutar da sai a ƙarni na 20 ta shigo bakin jama'a ba girmama su ba ne, aron bakinsu ne a ci albasa. Haɗarin kuwa a aikace yake. Mutum ya ajiye ƙwayoyinsa na asibiti ya koma jiƙo, ya ji garau, alhali lambar na hawa, sai ranar da ya faɗi. Wanda ya haɗa biyun ba tare da ya gaya wa likita ba, musamman mai ciwon suga, yana iya sauke sukarinsa fiye da kima.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sana'ar ke sauyawa. Lokacin da John Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kauci na ciki, kuma ilimin da ya tattara daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya ɗauko shi, mutanen da ke yankan abin da hannunsu. Makiyayin da ke saro kauci da rani don awakinsa ya san bishiyar da ya hau. Yau kuwa ana samun garin kauci a leda ko a kwalin shayi, ana tallarsa da lasifika a tasha da kuma ta waya, da jerin cututtuka goma sha, ba sunan bishiya, ba sunan gari, ba lokacin yanka. Yarabawa na kiransa afomo, kuma a kudu yana da yawa a gonakin koko da goro da lemo, gonakin da ake yi wa feshin maganin ƙwari. Da zarar an daka ganye ya zama gari, ba 'yar mai ganyen da za ta iya gane asalinsa, balle mai saye. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalin maganin gargajiya ma ba shaidar warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wannan kasuwa ta ɗauki laujen zinariyar Druid ta yar da gargaɗin Li Shizhen. Gyaran ba shi da tsada. A wajabta rubuta sunan bishiya da wurin yanka a kan duk abin da aka ƙunsa, masu sayar da ɗanye su bar guntun reshen mai masauki a jiki, masu bincike a jami'o'inmu kuma su daina fitar da sakamakon da bai faɗi bishiya da watan da aka yanka ba.

Al'adar kanta ba a daskare take ba, kuma wannan ne ya sa aikin bai ƙare ba. Koko, a 1879 Tetteh Quarshie ya kawo shi ƙasar da take Ghana a yau daga tsibirin Fernando Po, kaucin dajin yankin ya hau shi har ya zama annoba ga manoma. Gwaiba daga nahiyar Amurka ta zo, mangwaro daga Indiya. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro, wajen 1928 aka fara dasa ta a Borno, yau kuma ita ce inuwar kusan kowane titi daga Maiduguri zuwa Sakkwato da Maraɗi, kauci kuwa ya same ta ya hau. Kaucin tsamiya da na ɗorawa sun bi ta hannun zuriya bayan zuriya, an ga wanda ya sha da abin da ya same shi. Kaucin darbejiya bai cika shekara ɗari a ƙasar nan ba, yana shan ruwansa daga bishiya mai ɗaci da sinadarai masu ƙarfi, a bakin hanyar da motoci ke turnuƙe da hayaƙi, kuma shi ne mafi sauƙin kaiwa ga yaron da aka aika ya ciko buhu.